Matar Shugaba a Ƙagaggun Labaranmu: Wani Tsokaci

Duk mai bibiyar ƙagaggun labaran Hausa tun daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa yau ya san wata Hajiya. Sunanta yakan canja daga littafi zuwa littafi, amma kamanninta ɗaya ne. Ita ce matar gwamna, ko matar shugaban wata ƙasa da marubuci ya ƙirƙiro don gudun tsautsayi. Ta ɗayan ƙofofi biyu take shigowa labari. Ko dai ta sauko daga mota daidai lokacin da tauraruwar labarin ta rasa tudun dafawa, ta share mata hawaye, ta biya kuɗin asibiti, ta tafi da ita birni. Ko kuwa a same ta da tsakar dare durƙushe gaban boka, tana neman a mallake mata maigida, a haukata kishiya. Da ta gama wannan aiki sai marubuci ya sallame ta, ba a ƙara jin ɗuriyarta.

Manazarci ba zai sha wahalar gano asalin waɗannan mata biyu ba. Daga tatsuniya muka gaje su. Muguwar ita ce mowa, an dai sauya mata zane ne an ba ta direba. Mai jinƙan kuwa ita ce tsohuwar nan da 'yar bora kan tarar a bakin rafi, wadda ke saka wa mai ladabi da alheri. Ba laifi ba ne marubuci ya ɗebi ruwa a rijiyar kakanninsa, mu ma da wannan ruwan aka yaye mu. Inda gizo ke saƙa shi ne, matar shugaba ta zamaninmu wata aba ce sabuwa wadda tatsuniya ba ta san da ita ba: mutum mai iko a kan dukiyar jama'a da ma'aikatan gwamnati, alhali ba a zaɓe ta ba, ba a naɗa ta ba, ba ta yi rantsuwar kama aiki ba, kuma tsarin mulkin ƙasa bai ambaci kujerarta ko sau ɗaya ba. Wannan shi ne jigon da ke kwance a gabanmu shekara da shekaru, muna tsallake shi muna tafiya wajen boka.

Ya kamata mu tuna wa matasan cikinmu cewa abin bai daɗe da farawa ba. A zamanin Abubakar Tafawa Ɓalewa, kai har zuwa zamanin Shehu Shagari, talaka bai san fuskar matan gidan shugaba ba, kuma bai ga dalilin tambaya ba. An dai ga Victoria Gowon, wadda aka yi bikinta a 1969 ana tsakiyar yaƙin basasa, tana ziyarar asibitoci da gidajen marayu, amma abin bai wuce rakiya da gaisuwa ba. Maryam Babangida ce ta mayar da zaman aure a gidan gwamnati ya koma ofis. Tun mijinta yana hafsan sojojin ƙasa ta shugabanci ƙungiyar matan hafsoshin soja, ta kuma koyi yadda ake tafiyar da mata bisa girman anini na mazajensu. Da Janar Babangida ya karɓi mulki a watan Agusta 1985, sai ta ɗauki wannan tsari na bariki ta shimfiɗa shi a kan ƙasa baki ɗaya. A watan Satumba 1987 aka ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara, wanda bakin jama'a ya taƙaita da Beta Layif. Ita ce shugaba a sama. A kowace jiha matar gwamna. A kowace ƙaramar hukuma matar ciyaman. Mace ba ta hau wannan tsani don ta iya noma ko saƙa ko lissafin adashi ba, ta hau ne don wanda ta aura. Ran da aka yi wa mijinta canjin wurin aiki, ran nan ita ma ta sauka.

Kada a ɗauka muna cewa ba a tsinana komai ba. An kafa ƙungiyoyin gama-kai, an raba injinan niƙa da kekunan ɗinki, an buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci, an yi gangamin rigakafin yara. A 1989 aka kafa hukumar kula da harkokin mata ta ƙasa, a 1992 aka buɗe cibiyar mata ta Abuja wadda ke ɗauke da sunanta. A 1991 ta raba wata lambar yabo ta yaƙi da yunwa a Afirka da Wangari Maathai ta Kenya. Sai dai duk wannan ya gudana ne a shekarun da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, ya rushe hukumomin sayen amfanin gona, ya sa kuɗin magani da na makaranta suka gagari magidanci. Hannun dama na gidan yana ɗauke buhu, hannun hagu yana miƙo mudu a gaban kyamara. Ba banza ba masu habaici suka riƙa cewa shirin na kyautata rayuwar waɗanda rayuwarsu ta riga ta kyautatu ne. Wata masaniya, Amina Mama, ta yi nazarin wannan hali a 1995, ta nuna cewa mulki ne na wasu tsirarun mata da suka jingina da kujerar mazajensu, suna magana da sunan mata duka.

Abin da ya biyo baya ya fi komai tona asirin tsarin. Mijin ya sauka a 1993, shirin ya bi shi. A 1994 Maryam Abacha ta zo da nata na tallafa wa iyali, a 1997 aka ƙara da wani na bunƙasa tattalin arzikin iyali, aka goge allunan farko aka rubuta sababbi, sau da yawa a jikin gini guda. Shi ma da Janar Abacha ya rasu a 1998 sai ya bi sahun na gabansa, ko da yake babban asibitin da aka fara ginawa don mata da yara a Abuja ya tsira, ya zama asibitin ƙasa. Daga nan abin ya zama al'ada: kowace ta shigo da gidauniyarta, ta fita da ita. A Nijar ma, lokacin Mahamadou Issoufou, daga 2011 zuwa 2021, matansa biyu kowacce da tata, ɗaya Guri, ɗaya Tattali Iyali. A nan ma akwai abin da ya kamata ya tsone wa marubuci ido. Wannan kujera daga Amurka aka aro ta, inda shugaba mace ɗaya gare shi. Mu kuwa muka fassara ta da uwargida, kalmar da ke nuna akwai amarya a bayanta. To, a gidan da mata suke uku ko huɗu, wa za ta fita gaban jama'a? Wadda aka fara aura, ko wadda ta yi boko? Mu da muka cika kasuwa da littattafan kishi, ga kishi da kasafin kuɗi a cikinsa, mun bar shi.

Wani zai ce ai mace mai iko a fada ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Gaskiya ne, amma a duba da kyau. Tarihin baka na Zamfara yana ambaton 'Yargoje, wadda aka ce ta yi sarauta da kanta. Inna a Gobir, Iya a Maraɗi, Magajiya a Daura, duk sarautu ne da ake naɗawa, kuma jinin gidan sarauta ake bai wa, 'yar'uwa ko 'ya, ba matar da aka auro ba. Kowa ya san iyakar hurumin Inna, ya san waɗanda ke ƙarƙashinta, ya san inda za a kai kuka in ta wuce gona da iri. Misalin da ya fi kusa da mu kuwa shi ne Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, matar Waziri Giɗaɗo, wadda ta rasu a 1864. Tana da uba, tana da ɗan'uwa Sarkin Musulmi Bello, tana da miji waziri, amma tsarin 'yan taru da ta kafa bai dogara da kujerar ko ɗaya daga cikinsu ba. Jajis ɗinta dattijan mata ne daga ƙauyukan su kansu, ana ɗora musu malfa don iliminsu da amanarsu, su jagoranci mata zuwa wurinta su koma gida da karatu. Shi ya sa da ta rasu ƙanwarta Maryam ta ci gaba, aikin kuma ya haye mulkin Turawa bai mutu ba. Beta Layif da duk kuɗin gwamnati da ke bayansa shekara shida ya yi. Marubucin da ya ajiye waɗannan biyu gefe da gefe bai buƙatar ya yi wa kowa wa'azi.

Mu da muka fito daga yankin Mafara da Bakura da Maradun muna da wani dalili na musamman na jin kunyar wannan giɓi, domin ƙasarmu ce ta haifi gwanayen magana a kan masu mulki. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ɗan ƙasar Bakura ne da ya yi suna da Maradun. Sa'idu Faru ya yi shekaru yana yi wa Muhammadu Macciɗo waƙa, wanda ya zauna Talatar Mafara yana Sarkin Kudu tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Masu yi wa makaɗan fada kallon maroƙa kurum ba su saurare su da kunnen nazari ba. A cikin yabon nan akwai tunatarwa ga sarki game da abin da kakanninsa suka yi, wato abin da ake jira daga gare shi. Akwai habaici ga ɗan sarkin da ya ƙosa. Akwai zambo ga bafaden da ke cin amana. Sun san fada ciki da bai, sun san wa ke shiga da safe, wa ke tare ƙofa, wa ke raɗa. Da wuya ka ji sun taɓa matan sarki, don al'ada ta sa musu shamaki, kuma matan ba su fito sun karɓi wani hurumi na jama'a ba. Yanzu da matar shugaba ta fito da kanta, da ofis da ma'aikata da jerin gwanon motoci, shamakin ya faɗi. Amma mawaƙan da suka biyo baya, musamman na situdiyo, sun ɗauki yabon sun bar habaicin. Mu masu zube kuma mun ɗauki zambon mun mayar da shi zagin mata gaba ɗaya, wai makirci halinsu ne. Sanin fadar, wanda shi ne gishirin abin, kowa ya bar shi a ƙasa.

Akwai kuma matsalar inda marubuci yake tsayawa in zai kalli abu. Kusan kullum muna shiga labarin ne ta cikin motar Hajiya, muna leƙen ƙauye ta gilashi. A ɗauka wani daga cikinmu ya juya abin, ya zaɓi wata mata a Garbadu ko wani gari na gefen Bakolori ta zama idon labarinsa. Tana da tarihi kafin Hajiya ta iso. A gabanta kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978. Ta ga an tashi garuruwa, an baje gonaki don noman rani, an tumɓuke itatuwan da mata ke samun kalwa da man kaɗe daga gare su. Ta ga mazaje sun tare hanyoyi suna neman diyya, ta kuma ji abin da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka aikata a watan Afrilu 1980, inda gwamnati ta faɗi adadin mamata kaɗan, masu bincike kuwa suka kai shi ɗaruruwa. Shekara bakwai bayan haka aka aiko cewa za a kyautata rayuwarta. Me ta ce a ranta? Wannan tambaya kaɗai ta isa littafi.

Kuma labarin yana cikin ƙananan abubuwa ne. Wa ya rubuta sunayen matan da za su je taro, mai unguwa ko matar kansila? Wadda ke cikin kulle, wadda ita ce ainihin mai turara shinkafa da casa da soya ƙuli tana ba 'yarta talla, ta samu fita, ko kuwa zawarawa da tsofaffi aka tara aka ce su ne matan karkara? Atamfar anko kyauta ce ko bashi? Tun ƙarfe nawa aka zaunar da su a rana, kuma wa ya dafa wa yara abinci ran nan? Jawabin da aka yi da Turanci, wa ya fassara, me ya rage, me ya ƙara? Injin niƙan da aka yanke wa ƙyalle, a zauren wa aka ajiye shi, wa ke riƙe da mabuɗi, kuma da bel ya tsinke wa aka je wa? Ba a buƙatar Hajiya ta yi magana ko sau ɗaya a irin wannan littafi. Ƙurar motocinta ta wadatar. Mai karatu zai auna nauyin ikonta daga yadda gari ya kwana bai yi barci ba saboda ziyarar minti ashirin.

Muna da misalin irin wannan ido a cikin adabinmu, ko da yake ba a kan fadar gwamnati aka ɗora shi ba. A 1990, lokacin da Beta Layif ke ganiyarsa, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne. Rabi, matar Alhaji Abdu, mai 'ya'ya tara, an wulaƙanta ta an kore ta saboda sabuwar amarya, ta tsaya da ƙafarta ta hanyar sayar da abinci. Ƙarfin littafin yana wajen lissafi: nawa ake bayarwa na cefane, baki nawa za su ci, wa ya biya kuɗin makaranta. Marubuciyar ta gane cewa iko a cikin gida yana bin hanyar da kuɗi suka bi, ta bi sawunsu har ƙarshe. Haka a Wa Zai Auri Jahila? inda Abu ta kuɓuta daga auren dole ta koma karatu. Babu wata babbar mace da ta sauko daga mota ta cece su. Dangi ne da maƙwabta da guminsu. Abin lura, marubuciyar ƙanwar shugaban ƙasa ce, Janar Murtala Muhammed, amma ba ta ga dalilin kawo ceto daga gidan gwamnati ba. A ɗaya ɓangaren muna da Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda a Turmin Danya da Tura Ta Kai Bango ya nuna ana iya ɗora ƙagaggen labarin Hausa a kan cin hanci da siyasa kai tsaye. Abin da ya rage shi ne wanda zai haɗa idon Balaraba da jigon Sulaiman.

In kuwa marubuci ya ce shi sai ya shiga cikin gidan, to ya shiga da adalci, don ita ma Hajiyar mutum ce, kuma halin da take ciki ba mai daɗi ba ne duka. Ikonta aro ne, ta kuma san mai shi zai iya karɓa kowane lokaci. Kowa ya durƙusa mata ta san ba don ita ba ne. A tuna watannin da suka gudana daga Nuwamba 2009, lokacin da aka kai Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa jinya Jidda, zuwa rasuwarsa ranar 5 ga Mayu 2010. Ƙasa ba ta ga shugabanta ba, jaridu suka yi ta rubuta cewa ƙofar ganinsa tana hannun Hajiya Turai da wasu 'yan tsiraru. Mu ba alƙalai ba ne, ba kuma mu shiga ɗakin ba. Amma a matsayinmu na marubuta, ga mace guda wadda take matar majinyaci mai son rufa wa mijinta asiri kamar kowace mace, take kuma ƙofar da mulkin mutane fiye da miliyan ɗari ya maƙale a bayanta. Ina mowa a nan, ina tsohuwar bakin rafi? A tuna kuma Oktoba 2016, da Aisha Buhari ta faɗa wa sashen Hausa na BBC cewa wasu 'yan kaɗan sun kankane gwamnatin mijinta, shi kuma ya mayar mata da amsa daga Jamus, yana tsaye kusa da Angela Merkel, cewa huruminta kicin ne da ɗaki. Jama'a sun yi dariya, wasu sun yi fushi. Abin da ya bayyana a ranar shi ne kujerar da ake yi wa jiniya da safe ana iya rushe ta da jimla ɗaya kafin la'asar.

Mun san abin da ke sa alƙalami rawa. A Nuwamba 2022 an kama wani ɗalibin jami'a saboda 'yan kalmomin da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, aka gurfanar da shi a kotu, sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka janye ƙarar. Ga kuma ɗaya hannun, wanda ya fi kamun haɗari saboda yana da taushi: bikin ƙaddamar da littafi. Marubucin da ke sa ran matar gwamna ta zo ta sayi kwafi goma da kuɗin da ya fi na buga littafin duka, ya riga ya san irin Hajiyar da zai saka a babi na bakwai tun bai fara rubutu ba. Wannan ya shafi ƙungiyoyinmu su ma, a duk lokacin da ake neman uwar taro. Hausawa sun ce bakin da ya ci shi ke godiya. Sai dai ƙagaggen labari yana da mafakar da ɗan jarida ba shi da ita. Ba a ce ka kama suna ba. Makaɗan Maradun sun yi shekaru suna faɗa wa manya abin da ba su so a gaban idonsu, ta bakin kura da biri da jemage, kuma sun mutu a kan shimfiɗarsu.

Matar nan ta gefen Bakolori, in Allah ya ja kwananta, yanzu tsohuwa ce. Ta ga alluna sun canja a jikin cibiyar mata sau da yawa, ta ga an yanke Zamfara daga Sakkwato a 1996 an samu sabuwar uwar jiha a Gusau, kusa da gida. Tana nan kuma a watan Fabrairu 2021 da 'yan bindiga suka kwashi 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe, a ƙaramar hukumar Talatar Mafara, wato irin makarantar da tun 1987 ake tara su a rana ana roƙonsu su kai 'ya'yansu. Duk wanda zai rubuta ta, ya je ya zauna a zaure a yi masa iso, ya tafi da goro da haƙuri, ya kuma rubuta maganarta da Zamfarcin da ta yi ta, kada ya gyara mata shi zuwa Hausar Kano.